Wa Ya Fitar da Takardun Malama Rhoda?

Hajiya Halimatu Sadiya, assalamu alaikum. Ki taimake ni da shawara, don maganar nan ba ta majalisar bakin shago ba ce. Waɗanda zan tambaya a can su ne maganar ta shafa.

Ina da shagon buga takardu a unguwar Moduganari, shekara goma sha ɗaya ke nan: fotokwafi, sikanin, cike fom, hoton fasfo. Kafin nan atamfa na sayar a kasuwa har shekara tara, na kuma leƙa difiloma na fito ban ƙarasa ba. Na faɗi wannan ne don ki san ba yaro ne ke rubuto miki ba. Na san mutane, na san mai saye na san mai taya.

Tun lokacin rikici, duk wanda ya tsira da takardarsa daga Bama ko Gwoza ko Damboa, in ya kawo na yi masa sikanin, sai ya ce in ajiye masa a kwamfuta. Ban taɓa karɓar ko sisi a kan ajiya ba, amma ta jawo mini ciniki, ba zan ɓoye ba. Da aka yi ambaliyar 2024, mutanen da ruwa ya cinye wa komai sun yi layi a ƙofata, na fitar wa kowa takardar makarantarsa da ta filinsa. Yau akwai sunan mutum sama da dubu huɗu a kwamfutar, a wuri guda da na sa wa suna Ajiya. Da yawa daga cikinsu ba su da wani kwafi a duniya sai wannan.

Ba sakaci nake yi da ita ba. Ƙofar ƙarfe gare ni, kwaɗo biyu, ga maigadin layi. Kuma mutane suna jin daɗina ne don ba na wahalar da su. Mutum ba sai ya zo ba. In aka bugo waya aka gaishe ni da wushe, gaisuwar yaren mutanen yankinmu, mai magana ya ce shi ƙanen wane ne, ya ambaci sunan ubansu da garinsu na asali, na san na gida ne, sai in tura masa ta WhatsApp. A rana nakan yi haka sau biyar, sau shida. Wannan dai gefe ne, bari in zo kan maganar.

Maƙwabcina a layin shaguna James ne, mutumin Biu, gyaran waya yake yi. Ranar Juma'a in na tafi masallaci shi ke zama a shagona, ranar Lahadi in ya tafi coci ni ke buɗe nasa. Haka muke tun da na zo. Ya san kalmar sirrin kwamfutata, don in mai fotokwafi ya zo ba zai ce masa ya jira a sauko daga masallaci ba. Kalmar ma sunan 'yata ce da shekarar haihuwarta, kuma na rubuta ta a ƙarƙashin teburi saboda mantuwa.

Mako biyu da suka wuce wata malamar firamare, Malama Rhoda, wadda takardunta ke wurina tun tuni, ta zo mini da labari. Ta nemi aikin koyarwa a wata ƙungiya, aka ce ai wata ta riga ta shigar da takardar shaidarta da lambarta ta ɗan ƙasa, hoto kaɗai aka canza. Yanzu ita ake tuhuma, an ba ta wata guda ta kawo hujjar cewa ita ce mai takardun. Ta samo kwafin na bogi ta nuna mini, wai ko zan gane inda aka yi shi. Hajiya, gilashin na'urar sikanin ɗina yana da ƙarce a gefen hagu, duk takardar da ta bi ta kansa takan fito da siririn layi. Layin yana nan a jikin takardar. Na gan shi, na miƙa mata abarta, na ce Allah ya tona asirin wanda ya yi. Ita ba ta san zancen layin ba.

Na kira Falmata, 'yar yayata, wadda ke kula da kwamfutocin wata ƙungiyar agaji. Ta zo da littafi ta yi ta yi mini tambayoyi kamar 'yar sanda: me na ajiye, wa ke iya kaiwa gare shi, me zai faru in ya ɓace, me zai faru in ya fita. Ta leƙa ƙarƙashin teburi ta ga kalmar sirrin a rubuce. A ƙarshe ta ce ko dai in canza kalmar sirri in hana kowa har James, ko in goge ajiyar baki ɗaya tun kafin ta jawo mini kotu. Zancen tura takardu ta waya ban gaya mata ba, tunda kwamfuta ta zo dubawa.

To ga inda nake. James mai gyaran waya ne, ya san kan na'ura, shi kaɗai ke zama da ita in ba na nan. Amma ban taɓa kama shi da ɗaukar ko biro ba, kuma in na rufe masa kwamfuta a satin da wannan magana ta fito, na kira shi ɓarawo ke nan a gaban duk layin. Na yi tunanin in ce masa cuta ce ta shiga kwamfutar, mai gyara ya kulle ta. Na yi tunanin in goge komai in ce faifan kwamfutar ya ƙone. Har farashin sabon gilashi na tambaya. Wanne ne zai fitar da ni da sunana? A kasuwa suna ne jari, ke ma kin sani.

Naki,
Mai Ajiya, Moduganari

*

Wa alaikumus salam, Malam Mai Ajiya.

Na karanta wasiƙarka sau biyu ina neman laifin James, ban samu ba. Ban ce ba zai iya ba, ban san shi ba. Amma tunda kai ɗan kasuwa ne, mu auna abin yadda masu aikin tsaron bayanai suke aunawa. Kowace kafa da takarda za ta iya fita, a tambaye ta abu uku: sau nawa take buɗewa, wa ke iya bi ta cikinta, wace ɓarna za ta yi.

Ɓarawo mai fasa ƙofa, ka kashe masa kuɗi fiye da kowa, kuma bai taɓa zuwa ba. James, awa ɗaya a mako, mutum guda da ka san gidansa da cocinsa, wanda in ya cuce ka ya cuci kansa. Sai wayarka, wadda ka ce gefe ce: sau biyar sau shida a rana, ga muryar da ba ka ga fuskarta ba. Sunan uba da garin asali ba sirri ba ne, malam. Suna kan katin biki, suna bakin kowace maƙwabciya, kuma wushe ko baƙon da ya kwana biyu a tasha ya iya ta. Ka san haka, shi ya sa ba ka gaya wa Falmata ba.

Saboda haka kafin ka taɓa kalmar sirri, buɗe WhatsApp ɗinka ka nemi sunan Rhoda a cikin abin da ka tura. In ka samu, ka ga lamba da rana. In ba ka samu ba, har yanzu ba James kaɗai ya rage ba, don kalmar da ke ƙarƙashin teburi ta duk wanda ya sunkuya ɗaukar biro ce.

Na fahimci dalilinka na turawa ta waya. Tsohuwar da ke can ƙauyen Dusuman ba za ta biya kuɗin mota biyu don takarda ɗaya ba, kuma sauƙin da kake yi alheri ne. Kada ka daina, ka gyara. Kowane mai ajiya ya bar maka lambar wayarsa da ta mutum ɗaya da ya yarda da shi. Duk wanda ya bugo neman takarda, ka kashe, ka kira lambar da ke hannunka, can kuma za ka tura. Za a yi fushi mako biyu, a saba.

Falmata ta yi gaskiya a kan kalmar sirri, amma ban bi ta a kan gogewa ba. Takarda ta fita ɓarna ce, takarda ta ɓace ma ɓarna ce, kuma ga wanda ba shi da wani kwafi ta biyun ba ta gyaruwa. Abin da ya kamata shi ne ka rage kaya. Katin ɗan ƙasa da bayanan banki ba su da dalilin kwana a wurinka, mai su zai iya sake samowa, goge su bayan an gama aiki. Takardun makaranta da na fili ka riƙe, Falmata ta kulle maka su, ta yi kwafi na biyu a wani faifai da zai zauna a wani gida, a sama, ba a aljihun teburin da kwamfutar take ba. Ka ga ambaliya da idonka. Ka kuma sani akwai dokar kare bayanan mutane a ƙasar nan, kuma ajiyar kyauta ba ta fitar da kai daga cikinta.

Shi kuwa James, a raba kwamfutar gida biyu: ɓangaren fotokwafi da cike fom ya riƙe kalmarsa, ɓangaren Ajiya kai kaɗai. Ka gaya masa gaskiyar dalili, har da naka kason laifin. Kada ka kai wa mai gyaran waya labarin cutar kwamfuta, zai gane kafin ka rufe baki, kuma ƙaryar ce za ta zama zagin, ba kullewar ba. Ka ma ba shi shawarar ya yi maka haka a nasa shagon, wayoyin mutane da ke wurinsa su ma ajiya ce.

Saura Malama Rhoda. Ka tambaye ni abin da zai fitar da kai da sunanka, ita kuma nata sunan ne ke hannun wata. An ba ta wata guda, ka ci mata rabi da shiru. Kai ne ke da ranar da ta kawo takardun na asali, kai ne ke iya nuna cewa kwafin bogin daga naka aka ɗauka, wataƙila ma kana da lambar wanda ya karɓa. Ka je ka same ta, ka nuna mata layin, ka rubuta mata shaida, ka raka ta inda za ta kai. Za ta ji haushinka, da gaskiyarta. Labari zai zaga layi, wasu za su zo su kwashe ajiyarsu. Ba na yi maka alkawarin za ka fita ba tabo. Amma layin nan yana jikin takardun mutum dubu huɗu, wata rana wani zai lura da shi, kuma gara a ji daga bakinka.

Gilashi kuwa bar shi yadda yake har ta samu aikinta. Yanzu shi ne shaidarta.

Allah ya warware mata, ya bar ku da James a kan Juma'arku da Lahadinku, ya sa ajiyar mutane ta koma hannun masu ita lafiya.

Halimatu Sadiya