Ba Zan Miƙa Makullin Ɗakin Kwamfuta Ba

Nassarawa GRA, Kano.

Zuwa ga Yaya Shu'aibu,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti Khadija da yara, Allah ya ƙara muku kwanciyar hankali a can Kwala Lumfur. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana zuwa islamiyya da kanta, Ameera kuma ta fara rarrafe, babu abin da ya tsira a ɗaki.

Na san Inna ta riga ni kai ƙara, to ga gaskiyar magana. Hajiya Uwani, mai makarantar da nake koyarwa, ta ce kwamfutocinmu sun mutu, za ta rufe ajin kwamfuta na 'yan mata da nake koyarwa ta mai da ɗakin sito, in kawo makulli. Na ce ba zan kawo ba. Yaya, injinan nan tsofaffi ne, amma da ransu. Laifin al'adarmu ne. Da an kawo wuta, kowane malami sai ya rugo da filashinsa ya hau kwafar bidiyon darasi kafin a ɗauke. A daidai irin wannan lokacin Hajiya ta shigo da iyayen yara, ta tarar kibiya ta daskare a kan allo, ɗalibata Najla na danna harafi ba ya fitowa. Kunya ta kama ta, ta yanke hukunci a tsaye.

Kai ka karanci fannin, ka san faifan ajiya hannu ɗaya gare shi, buƙatu layi suke bi. Yadda na bayyana wa ɗalibaina shi ne su tuna injin niƙa na unguwar Gama. Mai buhun masara ta zo, yarinya mai ɗan kwanon gero na bayanta. In mai injin ya ce sai buhu ya ƙare, yarinya ta wuni a tsaye. Mai hankali yakan tsagaita, ya sallami kwano, ya koma kan buhu. Abin da muka yi ke nan a manhajar Linux da ke tafiyar da injinan: muka sauya tsarin layin, wadda ke zaune gaban allo tana jira a fara sallamarta, babban kwafi ya biyo a hankali. Yaran ne suka yi da hannunsu, inji bayan inji, ni ina tsaye. Da ka ga murna a fuskar ɗalibata Nabiha! Malam Simon, abokin aikina, dai yana ta mita wai kwafinsa ya ƙara jinkiri. Gaskiyarsa ne, na ce ya yi haƙuri, ɗakin na yara ne.

Jiya na je ofis na ce Hajiya ta zo ta gwada da kanta. Ta ce ba ta da lokacin wasa, kuma in tuna akwai masu neman aikina. Na ce na sani, amma makulli ba zai bar jakata ba sai ta zauna ta danna. Ta zo ranta a ɓace. Muka sa kwafi mafi nauyi, ta rubuta sunanta, haruffa na fita kamar ana zare su. Sai da ta kai ƙofa ta ce a bar ajin zuwa jarrabawa, ta gani. Zuwa jarrabawa ya ishe ni, mai haƙuri shi ke dafa dutse.

Saboda haka, Yaya, don girman Allah kada ka kira Hajiya ka ba ta haƙuri a madadina kamar yadda Inna ta roƙe ka. Ban zage ta ba, ban ɗaga murya ba. In ka ba da haƙuri, ka koya wa 'yan matan nan cewa wanda ya gyara abu shi ne mai laifi, ni kuwa ba wannan darasin na ɗauko ba.

Ka gaishe da Anti Khadija, da Sadiƙ, da Ummu Salma sarkin surutu. Inna da Kawu Yahaya na Hotoro suna gaisuwa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka mai taurin kai,
Hasiya.