Injin da Zai Hau da Mu Biyu

Toranke,
Ajingi.

Zuwa ga Kawu Muzammil,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah ya tsare ka a Legas, ya sa albarka a aikinka. Mu nan lafiya lau. Gero ya yi kyau bana, gyaɗa ce dai ruwa ya yi mata yawa. Inna ta samu sauƙin haƙorin nan. Kawu, ni ce Zulfa. Ka yi haƙuri, ko a waya in an miƙo min kai, kunya ce take hana ni magana. Haulat ta maƙwabtanmu ce za ta ɗauki hoton takardar ta turo maka. Baba bai san na rubuto ba.

Maganar babur mai cajin da ka aiko wa Baba ce. Ka san tun da gwiwarsa ta lalace shi ne ƙafarsa zuwa Islamiyyar da yake koyarwa a Ajingi, kuma saboda shi aka yarda na shiga sakandare, don Baba yana goya ni. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba shi da laifi. Amma in mun tsallake rafi muka kama hawan nan mai yashi, sai ya fara nishi, gudunsa ya mutu, injin da ke cikin tayar baya ya yi zafin da ba a iya taɓawa, har da ƙauri kamar na roba. Daga nan sai ya ɗauke. Sai mun jira ya huce. Da farko Baba yana zuba masa ruwan buta, yana cewa ko jaki in ya gaji ana ba shi ruwa. Daga baya na riƙa sauka ina tura shi Baba na kai. Masu tafiya gona suna tsokana, wai Malam ya samu inji na biyu mai hijabi. Baba yakan yi dariyar yaƙe.

Mun zaci batir ne. Ranar Asabar Baba ya kai babur ɗin Gaya wurin wani bakanike, na bi shi don in riƙe masa sanda. Bakaniken ya gwada batir ya ce lafiyarsa ƙalau, ya duba wayoyi bai ga ta tsinke ba. Ya yi faɗa a kan ruwan buta. Ya ce injin na kwalta ne, ba a yi shi don hawa da nauyi ba, kuma ya kusa ƙonewa. Sai ya faɗi inji iri biyu da za a iya canzawa da su. Ɗaya irin namu ne amma ya ɗan fi girma, yana da shi a shago. Ya ce zai hau da mutum ɗaya in an taho masa da gudu ba a tsaya ba. Ɗayan yana da ƙananan haƙora a ciki, ba ya gudu amma yana ja, sai dai sai an nemo daga Kano, haƙoran suna cinyewa, kuma wataƙila a canza ƙaramin akwatin wutar da ke ƙarƙashin kujera. Baba ya tambaya sau biyu ko mai haƙoran zai ɗauki mutum biyu. Bakaniken ya ce shi bai taɓa ɗaura wa kowa ba, ba zai rantse ba.

Tun da na ji nauyi ne matsalar na daina karyawa da safe. Littattafai ma ina barin rabi a gida, har an yi min bulala a kan na lissafi. Ban ga ya canza komai ba, jiri kawai nake ji a aji. Inna ta gane, ta ce in ta sake ganin na mayar da koko tukunya sai ta gaya wa Baba.

Jiya ina tankaɗe na ji Baba da Inna suna magana a rumfa. Shugaban makarantarsu ya yi wa Baba magana a kan latti. Baba ya ce ranar kasuwar Ajingi bakaniken zai zo da injin mutum ɗaya ya ɗaura. Inna ta ce to Zulfa ta riƙa hawa tudun a ƙasa mana, ya jira ta a sama. Ya ce dawa ta rufe hanyar, ba zai bar 'ya mace ita kaɗai a baya ba, kuma ba zai ƙara zama a kai 'yarsa tana tura shi mutane na kallo ba. Sai ya ce, "Ban san da bakin da zan gaya mata ba."

Kawu, kai kake gyaran irin waɗannan kullum. Na kwafo duk rubutun da ke jikin injin da na akwatin a bayan takardar nan, harafi da harafi. Don Allah ka duba. Mai haƙoran zai hau yashi da ni da Baba? Ana samun haƙoransa in sun cinye? In zai yi, ka kira Baba kafin ranar kasuwa, kamar gaisuwa ce kawai, ka gaya masa. Yana jin maganarka. Ni ko zan shekara ina turawa ba komai, wallahi ina son makarantar nan. Ni ce ta farko da ta shiga sakandare a gidanmu.

In kuma babu injin da zai ɗauke mu, kada ka kira shi. Ka gaya wa Haulat ta gaya min. Zan je da kaina in ce masa na gaji da karatun, don kada ya zama shi ne ya faɗa.

Ka gaishe min da Anti Hanne da Jannat, da jaririn da ban gani ba tukuna. Allah ya bar zumunci.

'Yarka,
Zulfa Inuwa