Duwatsun Murhu a Hanyar Azbin

Duwatsun Azbin, bayan ƙaramar salla, 1938

Zuwa ga Yaya Indo, a Madarunfa.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Ina gaida Malam Salisu da zai karanta miki wannan, ya yi haƙuri da rubutun kuku.

Bayan haka, mun wuce Agadas lafiya, sai dai kamiyon nan, babbar motar da muka hau, ya jijjiga ni har ba na jin ƙuguna. Mushe, Nasaran da nake yi wa girki, ashe kallo kawai ya zo yi. Duk kufai, duk tsohuwar rijiyar da ya hango a bakin hanya, sai ya daki kafaɗar shofer mai tuƙi a tsaya ya ɗauki foto. Jiya wuni muka yi gaban wani dutse da mutanen dā suka zana raƙumin dawa a jikinsa. Raƙumin dawa fa, Yaya! Shi yana ta murna, ni ina tunanin albasata da ke yaushi.

Ni ma dai na yi tsintuwa. Kin san wahalar murhunmu na gida, curin laka da ke farfashewa kullum. To a wani kwari da muka yada zango na tarar da tarin duwatsu a bakin hanya, sumul-sumul, na zaɓi uku kai ɗaya. Tukunya na zama a kansu daram. Na sa su a buhu, Inna zan kawo wa.

Ban manta da saƙonta ba. Ina ta tambayar labarin Baba, amma me zan ce? Ina ɗan yaye aka tafi da shi dako shekarar yaƙin Agadas, ko fuskarsa ban sani ba. Na san har yau ta hana a yi masa sadaka, wai ba a yi wa mai rai. Ki lallashe ta, ina nan ina cigiya.

Ƙanenki, Illo.

Gindin dutsen Bagzam

Yaya Indo,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna da kowa da kowa. Allah ya sa lafiya kuke. Ni jikina lafiya, amma hankalina ba ya kwance. Wannan takarda kada a karanta ta gaban Inna.

Da hanyar mota ta ƙare aka samo mana raƙuma da jagora, wani tsohon Buzu mai suna Agali. Yana ɗaure kayana ya ji nauyin buhun, ya buɗe, ya yi dariya har da riƙe ciki, wai bai taɓa ganin mai yi wa Azbin guzurin dutse ba. Da na kwatanta masa inda na ɗebo su, sai dariyar ta ɗauke.

Yaya, kabari ne. Ya ce shekarar yaƙin yana cikin masu jan raƙuma, a kwarin nan ƙishirwa ta zubar da 'yan dako, Hausawa, mutanen wajen Maradi da Gabi da Ɗan Issa. Ƙasar ba ta haƙuwa, sai a kwantar da mutum a jera masa duwatsu saboda dila. Duk matafiyin da ya wuce ƙara dutse yake yi, ya yi addu'a. Ni ɗan bakin tafki ina na san haka? Kowa yana ƙarawa, ni na rage, har na dafa wa Nasara kaza a kai. Innalillahi.

Na daina girki da su, amma abin bai bar ni ba. Da rana tsaka, in na hura wuta, sai in ji kamar mutum ya zo ya tsuguna a ɗaya gefen yana jira. Ba na ganin kowa. Na kan ɗaga kai in ce sannu, shofer da ya biyo mu ya yi ta yi mini dariya. Wallahi tsoro nake ji, kuma abin da ya fi tsoron ciwo shi ne, ko Baba ne ya tsuguna ɗin ba zan gane shi ba.

Na roƙi Mushe mu koma ta kwarin. Ya ce ta wata hanya za mu fita, akwai wani tsohon masallaci da bai gani ba, in jefar da su, dutse ai dutse ne. Raina ya ɓaci, na ajiye masa ludayinsa na bar aikin. Agali ya ce zai kai ni.

Ki sa ni a addu'a. Naki, Illo.

Agadas

Yayata Indo,

Sallama da gaisuwa irin ta zumunci. Ina fatan Inna ta ji sauƙi, ku kuma kuna lafiya.

Mun je. Sai da na tsaya a kwarin na ga ashe tarin ba ɗaya ba ne, suna nan jere har inda ido ya ƙare, ranar farko yunwar Mushe ce ta rufe mini ido. Tokar wutata ta nuna mini wurin. Yaya, inda na zare duwatsun gefen ya rufta, dila ya shiga ya tona. Ƙasusuwan hannu suna waje a warwatse.

Na zauna na yi kukan da ban taɓa yi ba. Agali ya kwance rawaninsa ya miƙo mini. Na tsince ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya, na naɗe a rawanin, na mayar, muka jera duwatsu har la'asar, muka yi masa addu'a. Na tambayi Agali ko ya tuna Baba, Musa masunci daga Madarunfa. Ya ce ba a tambayi sunan kowa ba a lokacin, amma cikin waɗanda suka shiga kwarin da kaya a ka, bai ga wanda ya fita ba.

Yanzu ki kai wa Inna wannan, Malam ya karanta mata a hankali. Inna, ki yafe mini, ban zo miki da shi ba. Ban sani ba ko shi na rufe, ba kuma zan yi miki ƙarya ba. Amma na rufe wani da hannuna kamar yadda ɗa ke rufe ubansa, tun daga ranar kuma ba wanda ya ƙara tsugunawa a bakin wutata. Ki bari a jiƙa gero a yi gumbar sadakar Baba. Ina tafe da ayarin gishiri, kada a raba sai na iso.

Ɗanki, Illo.