Akushin da Bai Haye Rafi Ba

Ruwan Godiya, ƙasar Faskari,
watan Safar, 1373 (Oktoba, 1953).

Zuwa ga yayana Malam Maharazu, a zangon Hausawa na Wad Madani, ƙasar Sudan.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙane ga wansa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya buɗe maka sauran hanya har ka ga Ɗakinsa da idonka, ya komo mana da kai lafiya. Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau, an yanke gero, dawa ta fitar da kai, audugar gonarka ta bayan gari kuwa ta fi ta kowa. Mahaifiyarmu Goggo tana nan da ƙarfinta, in ban da ciwon gwiwa. 'Yarka Mero da ka bari a goye yau ita ke yi wa uwarta tsince-tsincen itace. Alhaji Mamuda na Damari ne ya dawo daga Gabas ya ce ya gan ka kana tsinkar auduga kana tara guzurin ƙetare teku, a wurinsa na sami inda zan aika maka. Kafin nan shekara da shekaru ko ɗuriyarka ba mu ji ba.

Yaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka zan faɗa maka abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ko da yake kunya ta ishe ni. Ka tuna al'adar da marigayi Baba ya bar mana, duk ranar Cika-ciki kowa ya faɗi niyyar da ya ɗaura wa sabuwar shekara. Ka san ni da niyya, ba na rasa ta, cikawa ce ke gagara ta. Na yi niyyar barin taba, ga ta nan a kumatuna har yau. Na yi niyyar Sitta Shawwal, na tsaya a na biyu. Bara sai na ce zan tafi neman ilimi, jama'ar gida suka yi dariya, ni kuwa don dariyar nan, ana gama kaka na naɗe buzuna na tafi Ƙanƙara wurin Malam Abdulkarim, ban dawo ba sai da ruwan shuka. Niyyar da na taɓa cikawa ke nan a duniya, ita ce kuma ta ja mana abin da zan gaya maka.

Na dawo da 'yan babi kaɗan a kaina, ina jin ko limamin gari bai kai ni ba. Na gyara wa matata Zulaihatu alwala, na gyara wa maƙwabta sahu, har jakina sai da ya ji wa'azi. Da Babbar Salla na yanka ragon layya, Goggo ta karɓi jelar ta shafe ta da gishiri ta rataye a saman murhu, kamar yadda take yi kullum don Cika-ciki. Abin da ba ka sani ba shi ne, tun shekarar da ka tafi, in ta yi tuwon ranar nan takan ɗauko akushinka ta zuba maka naka, ta ɗora jelar ragon a kai, ta rufe da faifai ta ajiye a ɗakinta. Ina ganin haka duk shekara ban taɓa tankawa ba, ban kuma taɓa tambayar inda tuwon ke ƙarewa ba, don da sassafe nake tafiya gona. Bana kuwa, da ilimina sabo fil, ina ganin ta rufe akushin sai na miƙe a tsakar gida, gaban Zulaihatu da matan maƙwabta, na ce ranar Ashura ranar azumi ce, zuba wa wanda ba ya nan abinci kuwa aikin Maguzawa ne da ke ciyar da iskoki. Na ɗauki akushin na kai wa wasu fatake da suka sauka a zaurenmu, suka cinye suka sa mini albarka. Goggo ba ta ce uffan ba. Ni kuma na ɗauka shirun nata tuba ne.

Sai da aka kwana biyu sammacin alƙalin Faskari ya iso, wai surukinka Baba Almu yana neman a raba aurenka da Lauratu saboda daɗewarka babu labari. A nan ne Zulaihatu ta zaunar da ni ta buɗe mini abin da duk matan unguwa suka sani, ni malamin gida ban sani ba. Ashe tun da Lauratu ta koma gidan ubanta a hayin rafi, washegarin kowace Cika-ciki Goggo kan ɗauki akushin nan ta haye da shi da gwiwarta mai ciwo, ta ajiye a ƙofar ɗakin Lauratu, a gaisa a yi zancen damina, ta dawo. Baba Almu yana jin nauyin ya tambaye ta ko har yanzu gidanmu na sa ran dawowarka. Ita kuma ka sani, kai ne ɗanta na fari, ko sunanka ba ta taɓa kamawa ba, balle ta zauna da suruki ta yi zancenka. Akushin nan shi ne tambayar, shi ne amsar. Muddin jelar ragon layyarmu ta haye rafi, an san kana da rai a wurinmu, aure yana nan. Bana Lauratu ta share ƙofar ɗakinta tun da safe, Baba Almu ya ƙi zuwa gona yana zaune a zaure, har rana ta take tsaka ba su ga kowa ba.

Na tambayi Zulaihatu me ya hana Goggo ta tsawata mini a ranar. Ta dube ni ta ce, ta yaya za ta tsawata ba tare da ta yi zancen ɗan farinta a gaban mutane ba? Kuma ni da bakina na kira ta Bamaguza a tsakar gidan mijinta, da wace fuska za ta haye rafi hannu wofi? Wallahi Yaya, da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

Don ka ga wautata ba ta ƙare ba, ranar kasuwa na sayi jelar rago wurin mahauta, na sa aka yi tuwo na ɗauka da kaina na kai hayi. Baba Almu ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, ya buɗe faifan ya duba ya mayar. Ya ce an gode, amma shi bai taɓa jin an yi layya a Muharram ba, sannan ya shiga tambayata yadda gero ya yi. Daga nan na wuce Ƙanƙara ina neman wanda zai ce ban yi laifi ba. Malam ya saurare ni har na gama, ya ce azumin gaskiya ne, amma babin da ke biye da shi shi ne na yalwata wa iyali abinci a ranar, ruwan shuka ne ya ɗauke ni kafin mu kai wurin. Ya ce in tuna ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ya kuma tambaye ni a wane littafi na ga an halatta kunyata uwa.

Ga inda magana ta tsaya. Alƙali ya ce shaidar Alhaji Mamuda ta nuna kana da rai, amma ba ta nuna kana riƙe da aurenka ba. Ya ba mu zuwa watan Azumin Tsofaffi, ko ka zo da kanka, ko ka aiko da takarda da hannunka da shaidu biyu daga zangonku, ka faɗi abin da ke ranka da lokacin da kake sa ran komowa. In watan ya wuce shiru, zai raba. Ba zan ɓoye maka ba, wani mai shanu daga Sabuwa ya riga ya fara aiko da goro gidan Baba Almu. Lauratu kuwa ta gaya wa Zulaihatu cewa ba ita ta nemi a kai ƙara ba, amma ta gaji, kuma tuwon nan na shekara-shekara shi kaɗai ne abin da take ci ta san tana da miji. Ina roƙonka don Allah, ranar da takardar nan ta shiga hannunka kada ka kwana ba ka ba da amsa ba, ka aiko ta gidan waya na Funtuwa da sunana. In ka ga dama ka cika ta da zagina, zan karanta wa alƙali duka.

Zulaihatu tana gaishe ka, da Inna Adama, da Kawu Salihu na Mairuwa. Mero ta ce a gaida Babanta na Gabas. Ka gaida mutanen ƙasarmu da ke tare da kai. Da na zauna rubutu na je ƙofar ɗakin Goggo na durƙusa na tambaye ta ko tana da saƙo. Ta kau da kai kamar yadda ka san ta, ta ce ita ba ta da kowa a Gabas. Ina shirin tashi sai ta turo mini akushinka a wanke, ta ce tunda ni ne mai gida yanzu in riƙe, ita ta tsufa da hawan rafi. Yana nan ɗakina a kife. Bana ban ɗaura niyyar komai ba sai guda, in ga an zuba tuwo a cikinsa baɗi, ko in haye da shi da ƙafata, ko ka zo ka ci abinka. Sai dai wannan niyya ba ni kaɗai zan iya cika ta ba.

Ka yafe mini, ka kuma roƙa mini gafarar Goggo in Allah ya kai ka Ɗakinsa.

Ni ne ƙanenka mai jiran amsarka,
Gide.