Jirgin Sama Mai Faci Irin na Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali? Mu nan Haɗeja lafiya lau, ruwa ya fara janyewa daga gonakin shinkafa.

Jiya na ji a rediyo wanda ya ba da umarnin kashi na biyu na fim ɗin nan na sararin samaniya da muke kallo muna yara ya rasu. Shi ya tsofar da jirgin jaruman, duk faci, yana ƙin tashi. Ka tuna marigayi Baba, gwanin facin kwale-kwale da ba ya son fim, da ya ga jirgin ya ce, "Wannan mutumin ya taɓa toshe kwale-kwale"? A tsaye ya kalla har ƙarshe.

Ka gaida yara, ka sa Baba a addu'a. Na rasa wanda zan yi wa ta'aziyya a garin nan, sai kai.

Ƙanwarka,
Hauwa