Abin da Na Faɗa a Kan Baba Yana Cikin Fim

Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma kada ki sa sunana. Ko da yake duk wanda ya kalli fim ɗin da zan yi magana a kai ya riga ya san fuskata, har da yadda hancina ke buɗewa idan raina ya ɓaci.

Ni 'yar jarida ce, ni ke riƙe da teburin intanet a gidan jaridarmu. Mahaifina ma a nan yake, shi ne mai gyaran rubutu, shekara talatin da huɗu yana kan kujera ɗaya a jikin taga. A gida Baba nake ce masa, a ofis kuwa Malam, kamar kowa, don shi ya kafa mini wannan doka ranar da na kama aiki. Akwai wata dokar kuma da ta girme ni: babu labarin da zai fita, a takarda ne ko a intanet, sai ya bi ta teburinsa ya sa hannu da jan biro. Kuma Baba ba ya karatu a kwamfuta. Sai an buga masa a takarda, ya ɗora rula, ya faro daga layin ƙarshe yana haurowa sama. Tun ina ƙarama yake gaya mini dalili, wai idan ka karanta daga sama labarin zai ɗauke maka hankali idonka ya tsallake kuskure, idan ka faro daga ƙasa kuwa ba ka bin ma'ana, kalmomin kawai kake gani ɗaya bayan ɗaya.

Bara wata darakta ta zo da kyamarorinta tana son yin fim a kan yadda jaridun takarda ke fama da zamanin waya. Ba wasan kwaikwayo ba, mu ɗin ne dai muna aikinmu ana ɗauka. Wata takwas suka yi tare da mu. Da farko kowa na cin ado yana magana a tsanake kamar mai karanta labarai, bayan wata guda kuwa duk muka manta da su, har da 'yar makirufon da ake maƙala mana a wuyan riga.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne. Gobara ta tashi a wani babban ɗakin ajiyar kaya a bakin kasuwa, wakilinmu ne ya fara isa, cikin minti shida na haɗa labari. Sai labarin ya je teburin Baba ya zauna. Minti arba'in, Gwaggo! Yana ta kiran ofishin kashe gobara sai ya tabbatar da adadin waɗanda suka ji rauni. Ina kallo a wayata wasu shafuka uku suka riga mu. Na sauka ƙafar bene da wata abokiyar aikina, na buɗe baki na ce: "Tsohon nan ya zame mana ƙarfen ƙafa. Zamaninsa ya wuce, shi kaɗai ne bai sani ba. Da ni ce mai gidan jaridar nan, gobe zai tafi gida renon jikoki." Makirufon na wuyana. Abin haushin kuma, da ya gama bincikensa bai sami kuskure ko ɗaya ba. Ya sa hannu, ya miƙo mini, ya ce to, yanzu mun sani.

Da darakta ta nuna mini fim ɗin kafin ya fita na ji muryata. Na roƙe ta har da hawaye ta cire wurin. Ta ce na sa hannu a takardar amincewa tun farko, kuma in aka cire wannan minti ɗayan fim ɗin ya zama talla. Wata uku na yi abinci ba ya mini daɗi, na rame har Mama ta fara tambayata ko asibiti za mu je. Abin da nake hangowa shi ne masu sharhin finafinai sun ɗora ni a faifai, ga 'yar da ta ci mutuncin ubanta a gaban duniya. Ranar da aka fara nuna fim ɗin ta zo daidai da makon da aka yi wa Baba aikin ido, bai samu zuwa ba. Allah Ya yafe mini, wallahi har hamdala na yi da na ga bandeji a idon mahaifina.

Sai sharhi ya fara fitowa, guda huɗu. Na farko ya yaba, ya ce fim ɗin bai tsaya yi wa takarda kuka ba, bai kuma yi wa waya kirari ba. Na biyu ya ce an cika nuna injin buga jarida yana juyawa har mutum ya yi gyangyaɗi, kiɗan ma ya yi yawa, mu kuwa layi biyu kawai ya ba mu. Na uku ya ce darakta ta fi karkata ga tsofaffi. Ta huɗun ita nake tsoro, don matar an san ta da kaifin alƙalami, ba ta raga wa kowa. Ita kam a kan ƙafar benen nan ta gina sharhinta gaba ɗaya, ta kwafo maganata kalma bayan kalma. Amma ta ce wannan ne mintin da ya fi gaskiya a fim ɗin, yarinyar tana da hujja, dattijon ma yana da hujja, mai karatu kuma yana bukatar su biyun, saurinta da taka-tsantsan ɗinsa. Har ta ce duk wanda bai taɓa yin ƙunƙuni irin wannan a kan wanda ya koya masa aiki ba, to bai yi aikin da gaske ba. A ƙasan sharhin an samu masu zagina, ba zan ɓoye ba, amma mafi yawa labarin iyayensu da ogoginsu suka riƙa bayarwa. Na shiga banɗakin ofis na kulle na sha kukana, kukan wanda aka sauke wa kaya daga ka.

Saura Baba. Da idonsa ya warware sai ya ce in bugo masa sharhin duka, kuma babban edita ya riga ya gaya masa huɗu ne, balle in ɓoye ɗaya. Ranar Asabar da safe na kai masa. Ya zauna a teburin falo, ya sa tabarau, ya ɗora rula, shayinsa na hucewa. Ni kuma ina gefe wai ina ninke kayan wanki, tawul ɗaya na ninke shi ya fi sau biyar. Da ya gama ya miƙo mini takardun sun yi ja jawur. Abin da ya ce kawai shi ne mai sharhi na biyu ya rage masa shekara uku a aiki, a gaya masa ya gyara. Na duba sharhin ta huɗun. Ko'ina akwai jan biro, ban da sakin layin da ke ɗauke da maganata, shi kam fes yake ko ɗigo babu. Daga nan ya ce Mama ta ƙaro masa shayi, ya tsokane ni wai in ban fara cin abinci ba iskar fanka za ta ɗauke ni. Ranar Litinin ya riƙe mini labari minti ashirin da biyar kamar yadda ya saba, ban taɓa jin daɗin jinkiri irin na ranar ba.

Ni dai na yanke cewa daga ƙasa ya karanta, kalmomi ya gani, bai bi ma'ana ba. Tun ranar nake cin abinci har da ƙari.

To ga inda matsalar take. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya, saura kwana goma sha biyu, kuma ofis ya shirya nuna fim ɗin a taron ban kwana da shi, a babban allo, da iyalai da kowa. Mama, da na gaya mata komai, ta ce in ja bakina in yi shiru, ta san mijinta, ba ya son a tono abin da ya wuce. Yayana ya ce in sa darakta ta kawo wanda aka yanke wurin, in ta ƙi shi zai zare wayar wuta daidai lokacin, kuma na san shi zai iya. Ni kuwa, Gwaggo, daɗin wannan kwanciyar hankalin nake ji, ba na son abin da zai taɓa ta. Kuma in faɗa miki gaskiya, har gobe ina ganin minti arba'in ya yi yawa. Ya zan yi?

'Yar Mai Jan Biro

'Yata,

Na taya ki murna. Kin wuce ta hannun masu sharhi huɗu kin fito da mutuncinki, kuma sun yi miki adalci. Ki ci abincinki har da ƙarin, ya halatta. Amma kwanciyar hankalinki ta biyu, wadda ta shafi Baba, ina jin a kan kuskure kika ɗora ta, kuma gara ki ji daga gare ni.

Na yi shekaru ina zama kusa da masu gyaran rubutu kafin a ba ni wannan fili. Ban taɓa ganin wanda ya saki shafi da karatu ɗaya ba. Sau biyu suke yi, ɗaya daga ƙasa don kalmomi, ɗaya daga sama don ma'ana. Mutumin da ya gano an rage masa shekara uku yana bin abin da ake faɗa sarai. Sannan akwai ƙa'idar da ke ma kin sani, tsoro ne ya mantar da ke: maganar da aka ɗauko daga bakin mutum mai gyara ba ya taɓa ta, ko da ta karkace, ko da ba ta yi masa daɗi ba. Mai maganar ne kaɗai ke da ikon gyara ta. Baba ya yi wa shafin nan ja ko'ina, ya bar naki wurin, kuma bai jefa takardar a aljihun tebur ba, bai ba Mama ba, ke ya miƙa wa. A nawa ganin ya karanta, ya gane, ya bar miki naki aikin.

Kada wannan ya tayar miki da hankali, labari ne mai daɗi. Abin da kika yi wata uku kina tsoro ya riga ya faru, kuma mutumin ya nemi ƙarin shayi ya tsokane ki. Uban da ya yi fushi ba haka yake yi ba. Zai yiwu kuma na yi kuskure, bai lura ba. In haka ne ma magana ta fi zama dole, don bai kamata ya fara jin wannan a cikin taro ba, yaran da ya koya wa aiki suna satar kallon fuskarsa.

Mama tana da gaskiyarta, ta fi ni sanin mijinta. Dattijo irin wannan ba ya son doguwar magana da kuka da durƙushe-durƙushe. Ki ɗauki wannan daga gare ta, ki taƙaita. Amma shiru gaba ɗaya ba zai yi ba. Yayanki kuwa ki ce ya bar wayar wuta ta huta. In aka yanke wurin, gari duka ya ji maganar ban da shi, kun mayar da shi daidai abin da kika kira shi a ƙafar bene, wanda shi kaɗai ne bai sani ba. Wannan ya fi maganar ciwo.

Ki raba abu biyu da kika cakuɗa. Ra'ayinki a kan aiki naki ne, kuma ban ga laifinsa ba, minti arba'in a labarin gobara ya yi yawa a wannan zamani. Kada ki yi masa ƙaryar kin sauya ra'ayi, zai gane, aikinsa ke nan. Abin da za ki janye shi ne lafazin, "tsohon nan" da renon jikoki, da kuma faɗarsa a bayan idonsa. Ki same shi a gida da safe, ku biyu, ki ce kin faɗa, kin yi kuskure, ya yafe miki. Daga nan ki yi shiru ki bar shi ya yi magana, ko da wasa ya mayar da ita. Kafin ranar taron ku kalli fim ɗin a falo, ke da shi da Mama, ki ba shi rimot a hannunsa ya tsayar inda ya ga dama. Sannan ki roƙe shi abu ɗaya tun yana nan: ya rubuta miki abubuwan da dole a tabbatar ko da minti biyar ake da shi. Daga wata mai zuwa babu mai riƙe miki labari, kuskuren da ya fita kuma naki ne.

Kada ki ce sai jibi. Kwana goma sha biyu suka rage, kuma bai kamata mutumin nan ya kwashe kayan teburinsa yana zaton 'yarsa ce ta fi kowa murnar tafiyarsa ba.

Allah Ya ƙara wa Baba lafiyar ido, Ya sa ya huta lafiya, ke kuma Ya yi miki albarka a aikinki.

Gwaggonki