Irin da Na Ba Malam Bello

Laraba da dare, Gwandu

Yau Malam Bello ya zo takanas daga Kalgo don ya ba ni haƙuri. Irin itacen fasadabur da na ba shi a madadin irin jar gwabar da ya ba ni, ko ɗaya bai tsiro ba.

Ya ce, "Laifina ne, Alhaji. Ina jin ruwa na cika musu."

Na kasa kallon idonsa. Ranar da irin ya iso daga Kudu na zuba shi a ruwa, na ajiye waɗanda suka nutse, na ƙulla masa waɗanda suka taso, alhali na san fanko ne. Nawa bakwai suna bayan ɗaki, har sun yi ganye.

Gobe zan kai masa huɗu. Amma da wane baki zan faɗa masa gaskiya?